Kada rifot ya riga ka isa gida: yadda malamin aji zai riƙa sanar da iyaye

Shekarata uku da fara koyarwa a sakandare aka ɗora min riƙon aji. Ranar da aka raba rifot a ƙarshen zango na biyu, wani dattijo ya tsaya a ƙofar ofishin malamai da takardar ɗansa a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗora yatsa a gurbin da na rubuta fashi, kwana 17, ya ce, "Malam, kullum da idona nake ganin fitarsa da safe cikin yunifom. Yaushe wannan ya fara?" Na buɗe rajista na ce tun mako na uku. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai lambata tana wurinku."

Tana wurinmu kuwa, cikin fayil. Ni kuma kullum ina kiran suna, ina sa alama da jan biro, ina ganin na sauke nauyi. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka guda: duk abin da zan rubuta a rifot, sai dai ya zama tuni ga iyaye, kada ya zama labari. Abin da zan faɗa a nan hanyoyin da na bi ne don cika wannan doka, wasu na koya daga waɗanda suka riga ni, wasu kuma sai da na ƙone hannu.

Ka fara da sanin wanda za ka kira. Sunan da ke kan takardar shiga makaranta ba lallai ne shi ke riƙon yaron yanzu ba. Wani yana hannun kakarsa, wata tana gidan yayarta, wani iyayensa sun rabu kuma kowanne yana son a sanar da shi. A makonni biyu na farko na shekara ina tambayar kowane gida: wa za a kira, wa ke biye masa idan ba a same shi ba, wane lokaci ya fi, da wane harshe, kuma saƙon rubutu ya fi masa sauƙi ko na murya. Akwai tambayar da mutane ke jin nauyin yi amma tilas ce: ko akwai wanda bai kamata a ba shi labarin yaron ba, misali inda kotu ta yanke hukunci kan riƙo. Bayan haka ka gwada kowace lamba. Za ka sha mamakin yawan waɗanda suka mutu, da kuma waɗanda idan ka buga sai ka ji waya na ruri a aljihun ɗalibin da ke zaune gabanka. Wannan na ƙarshe ya faru da ni ba sau ɗaya ba, kuma ban zargi yaran sosai ba, dabara ce da ni ma da na samu hali a shekarunsu zan iya yi.

Sai kiran farko. Kada ya zama na ƙara. Uban da bai taɓa jin muryarka ba sai ranar da ɗansa ya yi laifi, zai ɗauki wayar ne da shirin kare kansa, kuma daga nan duk lokacin da ya ga lambar makaranta gabansa zai faɗi. Don haka ina kiran kowane gida a farkon shekara alhali babu abin da ya faru. Idan ɗalibai 40 ne, gida huɗu a rana, kwana goma ka gama, kowane kira bai wuce minti uku ba. Ina cewa, "Baba, barka da yamma. Malamin ajin ɗanku ne. Lafiya ƙalau, babu abin da ya faru, na kira ne mu san juna." Kada ka manta da wannan "babu abin da ya faru", ka faɗe shi da wuri, don mutum ya saki numfashi. Sannan ka kawo abu guda mai kyau da ka gani da idonka. "Yaron kirki ne" ba ya kai ko'ina, kowa ya san ana faɗa wa kowa. Amma "jiya da aka raba su rukuni, shi ya zauna da wanda bai gane ba har ya gane", wannan uwa za ta maimaita shi a gida, kuma yaron zai san kana lura. Idan ka duba ka rasa abin yabo ga wani yaro, to ba ka kalle shi sosai ba tukuna, ka jinkirta kiran kwana biyu.

Na daɗe ina ɗaukan cewa bayani mai tsawo ne ke nuna kulawa, har na ga akasin haka a aikace, daga baya kuma na tarar bincike ya goyi bayan abin da na gani. A 2015 Matthew Kraft na Jami'ar Brown da Todd Rogers na Harvard sun wallafa wani gwaji da suka yi a Amurka kan ɗaliban sakandare da ke maimaita darussan da suka faɗi a lokacin hutu. Malamai sun riƙa aika wa iyayen wasu daga cikinsu jimla ɗaya tak kowane mako. Waɗanda suka kasa cin darasin sun ragu daga kashi 15.8 cikin ɗari zuwa 9.3. Abin da ya fi jan hankalina shi ne saƙonnin da suka faɗi abin da yaro zai gyara sun fi tasiri a kan na yabo zalla, domin suna ba iyaye abin da za su zauna su yi magana a kai.

Saboda haka saƙona yana ɗauke da abu uku kawai: me na gani, yaushe, da me nake so a yi a gida. Kwatanta waɗannan biyun. "Ɗanku ba ya mai da hankali, a ja masa kunne." Da kuma: "Mama, jingar lissafi biyu na wannan makon bai kawo ba. Ya kawo su ranar Litinin, zan karɓa. A taimaka a tambaye shi yau." Na farko hukunci ne kan halin yaro, kuma abin da zai haifar faɗa ne. Na biyu aiki ne da ake iya gamawa. Ka lura ban ce a koya masa lissafi ba. Yawancin iyaye ba za su iya koyar da darasin sakandare ba, kuma ba aikinsu ba ne. Abin da za su iya shi ne tambaya, ba da lokaci da wurin zama, da karɓe waya idan dare ya yi.

Wani ƙaramin abu ga masu tura saƙon tes: saƙo ɗaya yana ɗaukan harafi 160, amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, saƙon ya tsattsage gida biyu ko uku. Idan makaranta na tura wa ɗaruruwan iyaye a lokaci guda, wannan ba ƙaramin bambancin kuɗi ba ne.

Fashi kuwa ba ya jiran ƙarshen mako. Yaron da ba a gani ba da safe kuma babu sanarwa daga gida, a tuntuɓi gida a ranar, kafin a tashi tara idan da hali, domin kafin maganar karatu akwai maganar ina yaron yake. Bayan haka ka riƙa faɗa wa iyaye jimillar kwanakin da lamba. Mutum ba ya ƙirga fashin ɗansa, yana tuna uzurin kowace rana ne kawai: ranar ciwon kai, ranar tafiya, ranar da aka makara. Rogers ɗin nan tare da Avi Feller sun yi wani gwaji a makarantun birnin Filadelfiya da aka wallafa a 2018, suka tarar iyayen yara masu yawan fashi suna zaton kwanakin kusan rabin yadda suke ne a zahiri, kuma aika musu wasiƙa mai ɗauke da ainihin adadin ya rage fashin. Ma'aunin da ake yawan amfani da shi wajen cewa fashi ya yi yawa shi ne kashi 10 cikin ɗari na kwanakin makaranta. A shekara mai kwanakin karatu 180, kwana 18 ke nan, wato wajen kwana biyu a wata. Babu uban da zai tsorata da kwana biyu a wata sai ka tara masa su.

Ka kuma dubi ranakun, ba adadin kaɗai ba. Yaron dattijon nan, da na koma rajista daga baya, sai na ga kusan duk fashinsa Talata da Alhamis ne. Ranakun da ake sa su karatu a bayyane ɗaya bayan ɗaya ke nan, shi kuma yana da in'ina, 'yan aji suna kwaikwayonsa a bayan idon malami. Yana fita da yunifom, ya zauna wani wuri har a tashi. Da na kira gida a mako na huɗu na ce "Talata da Alhamis", da mahaifinsa ya tambaye shi, da mun gane tun kafin ya rasa kwana 17. Rajistar tana gabana kowace safiya, layi ne kawai ban bi da ido daga sama zuwa ƙasa ba.

Maki ma yana buƙatar fassara. Idan ka ce yarinya ta ci 55, wani uban zai ji daɗi, wani zai ɗauko bulala, kuma dukansu ba su san me 55 ɗin ke nufi ba. Ka faɗi abin da ta iya da wanda ya rage: tana warware lissafi idan an rubuta shi da lambobi, tana rikicewa idan ya zo cikin jimla, don haka wahalar a karatu take. Ni ba na son maganar ta zo ta nawa a aji. Ba ya gaya wa kowa abin da zai gyara, kuma a kowane aji dole wani ya zo na ƙarshe ko da kowa ya yi ƙoƙari. Lokacin wannan bayanin tsakiyar zango ne, bayan gwaji na farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne abin da ya shafi lafiyar yaro da kwanciyar hankalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, yawanci kuma ba a ganewa. A aji mai mutum 40, wannan ba baƙon abu ba ne, yana zaune a layi na uku. Amma kai malami ne, ba likita ba. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ka bar sanya wa ciwo suna. "Mama, makonni uku ke nan tana barci a darasin farko, ta daina zama da ƙawayenta lokacin tara, jiya kuma na same ta tana kuka a aji bayan an fita. Ko kun ga wani canji a gida?" Sai ka yi shiru. Shirun nan shi ne rabin aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa amsar tana can: an yi rasuwa, uba ya rasa aiki, ko waya ce ke hana ta barci har ƙarfe biyu na dare. Masana barci suna cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma na ga yara da dama da aka kira malalata alhali barci suke bin bashi.

Kafin ka kira gida kan irin wannan, ka fara gaya wa ɗalibin. Ɗan sakandare ba ɗan firamare ba ne, idan ya ji ka zagaya ta bayansa ba zai sake buɗe maka baki ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce a sashe na 12 a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi, ta kuma kare sirrinsa a sashe na 16. Ni dai tun kafin in san da sassan nake ganin amfaninsa. Ina cewa, "Zan yi magana da mamanka kan wannan. Kana so kai ka fara faɗa mata, ko mu zauna tare, ko in kira?" Yawanci suna zaɓan ɗaya, kuma abin da suke tsoro ya kan fito a nan. Abin da ba na yi shi ne alƙawarin rufe sirri kafin in ji maganar. Idan yaro ya ce "Malam, zan faɗa maka amma kada ka gaya wa kowa", amsata ita ce ba zan yaɗa ba, amma idan abin zai cutar da shi ko wani, dole in sanar da wanda zai taimaka, kuma zan gaya masa wa zan sanar.

Wurare biyu ne dokar ke canjawa. Idan yaro ya yi maganar cutar da kansa ko ya nuna ya gaji da rayuwa, babu saƙon tes, babu jiran gobe. A sanar da shugaban makaranta da mai ba da shawara nan take, kada a bar shi shi kaɗai, a kira wani babba daga gida ya zo, a yi maganar ido da ido, a haɗa su da likita. Na biyu, idan alamu sun nuna cutarwar daga cikin gida take fitowa, kada ka kira gidan. Ka rubuta abin da yaron ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci, ka kai wa wanda makaranta ta ɗora wa kare yara, shi zai bi hanyar da doka ta tanada. Kiran gida a nan yana iya mai da yaron hannun wanda ya kawo ƙara a kansa.

Ko a ƙananan laifuffuka ma ka yi tunanin abin da zai faru bayan ka ajiye waya. Na taɓa kiran wani gida kan rashin kawo jinga, washegari yaron ya zo da kumburarren hannu. Daga nan nake faɗa a fili: "Baba, ba don a hukunta shi na kira ba. Tambayarsa kawai nake so a yi, sauran ku bar min." Idan kuma rigima ce tsakanin yara biyu, ko wani na cin zalin wani, ka gaya wa kowane gida abin da ya shafi ɗansu da matakin da makaranta ta ɗauka, kada ka ba su sunan ɗayan yaron. Za su ji daga bakin ɗansu, amma kada ya fito daga naka.

Zauren WhatsApp na iyaye yana da amfani ga sanarwa: ranar jarrabawa, canjin lokacin tashi, abin da za a zo da shi. Ban da wannan, kada sunan ɗalibi ko makinsa ko laifinsa ko bashin kuɗin makarantarsa ya shiga ciki. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya, na tura jerin waɗanda suka faɗi gwaji da niyyar zaburarwa. Wata uwa ta fice daga zauren a daren, kuma sai da na kwashe zango guda kafin ta sake ɗaukan wayata. Tana da gaskiya. Ka saita zauren yadda masu kula da shi kaɗai ke iya turawa, ka nemi izini kafin ka sa hoton kowane yaro, ka kuma faɗi lokutan da kake amsa saƙo tun farko, in ba haka ba za a tashe ka ƙarfe sha ɗaya na dare kan littafin da ya ɓata. Ka tuna kuma ba kowane gida ke da babbar waya ba, duk sanarwar da ta shiga zaure ta bi ta tes ko takarda.

Ranar taron iyaye da malamai, ka fito daga bayan tebur ka ba mutum kujera irin taka. Ka fara da tambaya: me yake faɗa game da makaranta idan ya dawo? Idan harshenku bai zo ɗaya ba, a nemo babba ya fassara, kada a sa ɗalibin ya fassara ƙarar kansa. Wanda ya zo da fushi ka bar shi ya ƙare, ka maimaita masa abin da ka fahimta, inda makaranta ta yi kuskure ka amsa ba tare da kwana-kwana ba. Kafin a tashi ku tsai da abu guda da gida zai yi, guda da kai za ka yi, da ranar da za ku sake magana. Ranar ta zo, ka kira ko da babu sabon abu. Rashin cika wannan ƙaramin alƙawarin ya fi komai zubar da yardar iyaye.

Akwai gidajen da za ka yi ta kira ba a ɗauka, ba sa zuwa taro, ba sa mai da takarda. A ofishin malamai za ka ji ana cewa ba su damu ba. Ban cika yarda ba. Da na bi sawu, na tarar da mai aikin dare da ke barci a lokacin da muke taro, da uwar da ba ta iya karatu kuma tana kunyar a gane, da uban da makaranta ta wulaƙanta shi yana yaro har yanzu ba ya son tsallaka ƙofarta. Canja lokacin kira, tura saƙon murya, nemi lamba ta biyu, idan ya kama a kai ziyara to ku je ku biyu da sanin shugaban makaranta.

Duk wannan ba zai yiwu da ka ba, sai da littafi. Ina da ɗaya mai shafi guda ga kowane ɗalibi: rana, wanda na yi magana da shi, abin da aka faɗa a layi biyu, abin da aka tsayar. Yana zama a kulle, kuma abin da ya shafi kare yaro ba ya shiga cikinsa, yana da nasa fayil a ofishin shugaba. Awa ɗaya nake warewa a ƙarshen kowane mako, in karɓi bayani daga malaman darussa don kada gida ɗaya ya samu kira biyar daga mutum biyar, sannan in juya shafukan. Shafin da nake nema shi ne wanda ya daɗe babu rubutu, kuma kusan kullum na yaron nan ne mai shiru da ke zaune a tsakiyar aji, ba ya faɗuwa, ba ya fice, ba ya laifi. Gidansu nake fara kira ranar Litinin.